Yadda ake tayar da tsohon ogan na silima, kamar yadda hannuna ya koya

Mahaifina badukku ne a Kano, can wajen Ƙofar Wambai, kuma tun ina sakandare na tsere wa sana'ar saboda warin jima. Sai ga shi bayan shekara 20 da ɗoriya, a wani gari na arewacin Ingila inda nake aikin wayarin, kowace Asabar ina zaune kan benci da aska a hannu ina yankan fatar tunkiya. An kira ni ne in duba wutar wani tsohon zaure, na tarar da dattawa huɗu sun baje ƙananan katakai a kan tebur suna fama da fata, yankansu duk a karkace. Ashe tsohon ogan suke gyarawa, wato kayan kiɗa mai madannai irin na fiyano, wanda ke fitar da sauti ta hanyar hura iska cikin bututu. Na kasa haƙuri, na ce wa babbansu, "Baba, ba ni askar nan." Tun ranar ba su sake ni ba.

'Yan gida in na faɗa musu sai su ce, kai kuma me ya haɗa ka da kayan coci? To wannan ba na coci ba ne, na gidan silima ne. A zamanin da fim ba ya magana, dole a sami mai raka hoto da sauti, kuma ɗaukar makaɗa 20 ko 30 kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hope-Jones, wanda asalinsa injiniyan tarho ne, shi ya fito da dabarar da mutum ɗaya zai zauna ya yi aikin taron makaɗa ta hanyar iska da lantarki. A 1910 kamfanin Wurlitzer na Amurka ya sayi harkarsa, masana'antarsu ta North Tonawanda a jihar New York ta ƙera irin wannan ogan sama da 2,000. Akwai wasu maƙeran: Kimball, Barton, Robert-Morton da Möller a Amurka, Compton da Christie a Ingila. A 1927 fim ɗin The Jazz Singer ya fito da murya, kasuwar ta fara mutuwa, ko da yake a Ingila an ci gaba da kafa su har cikin shekarun 1930. Lokacin da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937 fim ya riga ya iya magana, shi ya sa iyayenmu ba su taɓa sanin wannan abu ba. Da aka shiga rushe manyan silimomi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa sun tafi bola ko hannun 'yan gwangwan. Waɗanda suka tsira, masu sha'awa ne suka kwashe su, irin ƙungiyar Cinema Organ Society ta Ingila da takwararta ta Amurka da aka kafa a 1955. Wurlitzer na farko da ya shigo Ingila, wanda aka kafa a Walsall a 1925, yau yana wani ƙaramin coci a ƙauyen Beer da ke Devon.

Namu ƙarami ne, Wurlitzer mai madannai hawa 2 da sahun bututu 6. Da shi zan yi maka bayani.

Da fari, ka san abin da ke gabanka. Teburin nan mai siffar kofaton doki da mutane ke ɗauka shi ne ogan, ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Sautin yana cikin ɗakuna a bayan bango, inda bututu ke tsaye sahu-sahu a kan akwatunan iska, an rufe bakin ɗakin da faifan katako masu buɗewa da rufewa irin na taga, makaɗi na sarrafa su da ƙafa don ƙara murya ko rage ta. Can ƙasa ko a wani lungu akwai injin fanka mai hura iskar. A tsakani akwai wayoyi dubbai. Sannan ga kayan wasa: ganga ta gaske, kuge, ƙararrawa, jiniya, usur ɗin jirgin ƙasa, hon ɗin mota, kukan tsuntsu, sukuwar doki, duk na rakiyar fim. Dabarar Hope-Jones ita ce sahu ɗaya a tsawaita shi, maimakon bututu 61 ya zama 73 ko 85 ko 97, a riƙa kiransa daga kowane hawa na madannai, da murya ƙasa ko sama. Wato kowane bututu yana da nasa maganaɗisu da nasa 'yan zugazugai. Ka riƙe wannan, don nan aikin yake.

Kada ka kunna shi ranar da ka same shi. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi. Ogan da ya shekara 30 a kulle, fatarsa ta bushe kamar ganyen kuka, iska na shiga za ta farfashe, ta kwashi ƙura da kashin ɓera ta cusa cikin kowane rami. Tsohon injin fanka kuma mai ya daskare a cikinsa, wayarsa ta ruɓe, gobara ce ke jira. In ginin tsoho ne, a kira masu gwajin asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin kowa ya shiga ɗakin injin, don an yi amfani da shi sosai a gine-ginen zamanin.

Abin da za ka fara yi shi ne ɗaukar hoto, har sai ka gaji, sannan ka ƙara. Kowane akwati ta fuska huɗu, kowace mahaɗar bututun iska, kowane damin waya. Ka nemi lambar ƙira, Wurlitzer na bai wa kowane ogan tasa lamba, kuma masu bincike sun tattara jerinsu, da ita za ka san shekarar da ya fito da silimar da aka fara kai shi. Ka sayi littafi mai kauri, ka rubuta komai da hannu. Alamar da za ka sa wa kaya ta zama da fensir ko takarda mai zare, ban da alƙalamin maka, ban da salatif a jikin katako mai sheƙi. Kusoshi masu murɗi kuwa, na kowane murfi a tasu jakar. Ni na raina wannan, na zuba na akwati biyu a gwangwani ɗaya, ashe tsawonsu ya bambanta da ɗan kaɗan. Da na zo mayarwa, doguwa ta huda cikin hanyar iska. Kwana biyu muna neman inda yake huci.

Cire bututu aikin mutum uku ne: mai cirewa, mai karɓa, mai shimfiɗawa. Ana farawa daga wanda ya fi kusa da kai, kada ka miƙa hannu ta kan wasu. Yawancin na ƙarfe haɗin dalma ne da kuza, suna da laushin da babban yatsa kawai zai lotsa su. Ka kama daga jiki, can sama da baki, ka ɗaga a miƙe. Bakin nan, inda iska ke tsagewa ta zama murya, ko da wasa kada ka taɓa shi, wani gwani ne ya daidaita shi shekara 100 da suka wuce, kuma ɗan motsi kamar kaurin takarda ya isa ya sauya muryar. A sa safar hannu, a wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma, kuma kada a busa da baki, damshin numfashi na ɓata su, musamman masu harshen tagulla. A kwantar da su a dogayen akwatuna, kowanne da mazauninsa, ba a ɗora wani kan wani, don in suka daɗe haka sai ka tarar da mai zagaye ya koma kamar ƙwai. Wurin ajiya ya zama busasshe amma ba mai zafin hita ba. Duk wanda ya ga yadda hunturu ke tsaga ƙofar katako a gida ya san abin da hita ke yi wa akwatin iska a nan. Damshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 shi ake so.

Yanzu fata. In an ce gyaran ogan, kashi mafi yawa wannan ake nufi, sauran duk rakiya ne. Idan makaɗi ya danna madanni, wuta na zuwa ga maganaɗisu, ya ɗaga wani ɗan faifan ƙarfe da bai kai ƙwandala ba, iska ta fice daga ƙaramin zugazugi, shi kuma ya buɗe wa babban zugazugi hanya, babban ya ja murfin da ke ƙarƙashin bututu. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Zugazugin nan katako biyu ne aka haɗa da fata, ƙaramin bai kai kwalin ashana ba. Namu bututu wajen 450 ne, ka ninka biyu, ka ga yawan Asabar ɗin da muka ci.

Fatar da ake so ta tunkiya ce mai gashi, irin tumakinmu, ba mai ulu irin ta Turawa ba, don ta mai gashi ta fi ƙarfi ko da an fefe ta ta yi siriri kamar ƙyalle. Ranar da aka fara miƙo mini ita na shafa, sai da na tuna rumfar mahaifina. Ana sayenta wurin masu sayar da kayan ogan, jemammiya don wannan aiki. Kada ka ce za ka yi arha da fatar jaka ko ta safar hannu, ba ta riƙe iska. In ta zo, ka ɗaga ta saitin fitila, duk inda haske ya ɓullo ta ɗan rami ka zagaye da fensir ka kauce masa. Sannan ka ja ta da hannu biyu, tsaye da kwance. Kowane badukku ya san fata ta fi miƙewa ta gefe ɗaya, daga ciki zuwa ciki, fiye da bin gadon baya. Dattawan nan ba su kula da wannan ba, suna yanka yadda ta zo musu don kada a yi asara, shi ya sa wani zugazugin ke saki wani ke ɗaurewa. Ka yanka duka ta fuska ɗaya. Wajen ciki da hammata fatar sakwaf take, a bar ta don faci. Ta gadon baya ta fi kauri, a ba manyan zugazugai.

Kafin ka yage tsohuwar fata, ka buɗe zugazugi ɗaya mai lafiya iyakar buɗewarsa ka auna. Wannan awon shi ne komai. Ka sassaƙa ɗan katako daidai da shi wanda za ka riƙa sawa a tsakani, ka yanka kwali ya zama ma'aunin fatar. Na farkon da na yi, guda 12, na matse su don su yi kyan gani, irin ɗinkin takalmi. Baba ya ɗauki ɗaya, ya buɗe ya rufe kusa da kunnensa, ya ajiye, bai ce komai ba sai "sake." Fata in ta matse, murfi ba zai buɗe sosai ba, bututu ya yi magana a shaƙe. In ta yi yawa, ta naɗe ta shiga tsakani ta tsage da wuri.

Tsohuwar fatar da ruwan ɗumi ake cire ta. Ka jiƙa tsumma, ka ɗora, ka ɗan jira, sai ta saki, ka kankare saura da bayan wuƙa. Dalilin da take saki shi ne masu ƙirar sun yi aiki da gam ɗin fata, wanda ake dafawa daga ƙirgin shanu, kuma ko bayan shekara 100 zafi da damshi na narkar da shi. Kai ma da shi za ka yi. Yana zuwa kamar tsakin gero, a jiƙa shi a ruwan sanyi ya kumbura, a ɗora kwanonsa cikin wani kwanon ruwan zafi, a riƙe shi wajen digiri 60. In ya tafasa ya mutu. Kaurinsa kamar na kunu mai ruwa-ruwa, ya riƙa zuba daga burushi kamar zare. Warinsa kuwa, to, ɗan majema ba ya ƙorafi.

Farin gam na kafinta, wanda ke cikin roba, ka nisanta shi da wannan aiki. Wani bawan Allah ya taɓa gyara sahu ɗaya na namu da shi shekaru da suka wuce, ba mu san shi ba amma kullum sai an ambace shi a bencin nan, ba da alheri ba. Ruwa ba ya cire shi, sai ka kankare, in ka kankare ya taho da naman katako, awo ya lalace. Guda 9 sai da muka sassaƙa sababbi. A shekarun 1970 ma an yi yayin wata leda mai suna Perflex da aka ce ta fi fata, manyan kamfanoni suka rungume ta, ba a jima ba ta riƙa ruɓewa, aka dawo ana sake aikin da fata. Duk abin da za ka liƙa, ka tuna wani zai zo cire shi bayan ba ka.

Gam a jikin katako ake shafawa, a bakin gefe kawai, siriri. Fuskar fata mai gashi-gashi ita ke kwanciya kan gam, mai santsi a waje. Kana da 'yan daƙiƙu kafin ya huce, don haka ka ɗumama katakon tukuna, mu kan ɗora su kan tsohon faranti mai ɗumi. Gefe ɗaya, ka danna da yatsa, ka juya, gefe na gaba. Kada gam ya zubo cikin lanƙwasar fata, in ya bushe a nan ya zama kamar reza, shi zai yanka ta. Washegari ka gyara bakin da almakashi, ka lanƙwasa fatar ciki da yatsa don ta koyi hanyarta. Gwaji: rufe zugazugin, toshe raminsa da yatsa, ka ja. In ya yi maka gardama, ya yi. In ya buɗe salin-alin, yana yoyo, nemi wurin ko ka sake.

Manyan rumbunan iska, masu daidaita ƙarfinta, fatarsu ta fi kauri kuma akwai sifirin masu ƙarfi a kansu. Ka cire su ɗaya bayan ɗaya, fuskarka a gefe.

Maganaɗisu yawanci ba sa mutuwa. Ka auna kowanne da mita, wanda ya bambanta da 'yan'uwansa ka ware. Abin da ya fi damunsu datti ne. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna ƙarƙashin ɗan faifan nan, bututu zai kama kuka ba wanda ya taɓa shi, kuma ba zai yi shiru ba sai an kashe fanka ko an cire shi. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Saboda haka kafin a mayar da bututu ko ɗaya, a share hanyoyin iska, a kunna fanka a bar akwatuna su yi ta hurawa, a danna kowane madanni sau da yawa datti ya fice.

Wanke bututu bai kai yadda ake zato wuya ba. Na ƙarfe marasa harshe, ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, a tsane a tsaye. Na katako, irin Tibia, mai muryar nan mai kauri kamar kuka wadda ita ce ainihin sautin silima, ba a jiƙa su, tsumma mai ɗan damshi ya isa, sai a sake fatar toshiyar da ke kansu in ta saki. Masu harshe, irin Vox Humana da Kinura da masu muryar kakaki, waɗanda ke aiki kamar bakin algaita, nan ka tsaya. Lanƙwasar harshen tagullar ita ce muryar. Ka goge ƙura da burushi mai laushi, in akwai abin da ya wuce haka a kai wa gwani a biya shi. Kuma kada a goge bututu don ya yi ƙyalli, ba a baje kolinsu.

Kan wayoyi ne muka yi rigima ta wata uku. Na asali an naɗe su da zaren auduga, kuma na'urar da ke rarraba saƙo daga madannai zuwa bututu kabad ce guda, cike da zugazugai da 'yan wayoyin azurfa. Yau akwai na'urar kwamfuta da ba ta fi akwatin takalmi ba, tana yin aikin duka, har ta naɗi kiɗa ta maimaita. Ni mai wayarin ne, kowa ya ɗauka zan goyi bayan sabuwar. Ban goya ba. Tsohuwar in ta lalace ido na ganin inda ta lalace, kuma fata da gam ke gyara ta. Ta kwamfuta in kamfanin ya rufe, shi ke nan. Amma ban musa cewa wayar da ke ɗauko wutar gini zuwa injin fanka dole a sabunta ta ba, wannan maganar rai ce. Abin da muka tsaya a kai: sabuwar waya ga fanka, tsohuwar na'ura ta ci gaba da aiki. Wanda dole ta sa ya koma kwamfuta, ya adana tsohuwar a busasshen wuri, kada ya yar.

Ƙarfin iska da inci na ruwa ake auna shi, kuma ma'aunin kai za ka haɗa. Sami tiyo mai haske, lanƙwasa shi kamar ƙugiya a jikin allo, zuba ruwa rabi, haɗa baki ɗaya da akwatin iska. Tazarar da ke tsakanin ruwan hagu da na dama ita ce awon. Ogan na coci kan yi aiki da inci 3 ko 4. Na Wurlitzer yawancin sahu inci 10 ne, Vox Humana 6, wasu masu ƙarfi 15. Kada ka ƙara don a ji shi da ƙarfi, an yanka bakin kowane bututu ne daidai da iskarsa. Akwai kuma akwatin da ke girgiza iskar don murya ta riƙa rawa. Saita shi sai kunne, kuma in ka sauya tsawon bututun iskar da ke zuwa gare shi rawar ta sauya, shi ya sa ake auna komai kafin a kwance.

Saita murya shi ne na ƙarshe, kuma sai ɗaki ya kai zafin da za a riƙa kiɗa a cikinsa, wajen digiri 20 ko 21, ya kwana a haka. Zafi na ɗaga muryar bututu, sanyi na sauke ta, in ka saita da sanyin safiya da yamma aikin ya rushe. Mutum ɗaya a teburi yana riƙe madanni, ɗaya a ɗaki da toshiyar kunne a aljihu don masu muryar kakaki. A kashe mai girgiza iska. A fara daidaita sahu ɗaya da na'ura, sauran a bi shi da kunne. In bututu biyu ba su daidaita ba za ka ji sautin na bugawa, wau-wau-wau, kana matsowa yana rage sauri, har ya kwanta. Na ƙarfe akwai zobe a kansa, ka buga shi sama murya ta sauka, ƙasa ta hau. Na katako toshiyar ake motsawa. Mai harshe kuwa wata 'yar waya ce ake ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan.

In kana son jin yadda gyararre ke kuka kafin ka sa hannu, je Blackpool, zauren rawa na hasumiyar garin, inda Wurlitzer na 1935 ke fitowa daga ƙarƙashin dandamali da makaɗi a kai, wurin da Reginald Dixon ya shekara 40 yana kiɗa. Ko zauren majalisar Stockport, inda aka mayar da wanda ya fito daga silimar Paramount ta Manchester.

Namu ya ci shekara 4. Ranar da muka ba shi iska da bututu a kai, bakwai suka kama kuka lokaci ɗaya. Baba ya kashe fanka, ya miƙo mini tocila da ɗan burushi, na kwanta rigingine ƙarƙashin akwati ina kwance murfin maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya. Shida ƙura ce. Na bakwai ƙafar gizo-gizo.